Comstock: Dutsen da Ya Ba da Azurfa, Ya Ci Daji, Ya Ɓata Kogi

A watan Yunin 1859 wasu ’yan asalin Ailan biyu, Peter O'Riley da Patrick McLaughlin, suna tona rami a gefen tsaunin Davidson da ke yammacin Amurka don su tara ruwan wankin zinare, sai suka faɗa kan wata ƙasa baƙa-baƙa mai ratsin shuɗi. Akwai zinare a cikinta, wannan kam sun gani da idonsu. Abin da ya dame su shi ne nauyinta. Tana toshe musu akwatin wanki, sai su kwashe ta su watsar gefe suna tsaki. Da wani ya tsallaka da samfurinta zuwa Grass Valley a Kalifoniya aka gwada, sai ga shi darajar kowane tan na wannan dattin ta haura dala 3,000, kuma kaso mafi tsoka azurfa ce.

Sunan wurin bai zama nasu ba. Wani Henry Comstock ne ya iso yana ta da jijiyar wuya cewa filin nasa ne, suka ba shi kaso don a zauna lafiya, shi kuwa ya dinga yawo yana cika baki har sunansa ya manne wa jijiyar ma'adinin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai ko gardin bai daɗe da kuɗin ba: ya sayar da kasonsa a kan kimanin dala 11,000, ya mutu a Montana a 1870 ba shi da ko anini.

A lokacin yankin yana ƙarƙashin Utah. Kafin shekara shida ta cika ya zama jihar Nebada, a ranar 31 ga Oktoba 1864, garuruwan Virginia City da Gold Hill kuma sun tsiro a kan jijiyar kanta, gidaje a sama, ramuka a ƙasa. Daga farko har zuwa ƙarni na ashirin an fitar da azurfa wajen oza miliyan 190 da zinare wajen oza miliyan 8. Ana kiran Comstock mahaƙar azurfa, amma a farashin wancan zamani zinaren ya kai kusan kashi biyu cikin biyar na kuɗin da aka samu.

Wanda zai fahimci abin da ya faru a nan, dole ya fara da dutsen. Kusan kowace shawara da masu mahaƙun suka yanke, halin dutsen ne ya tilasta musu, kuma kowace mafita da suka samo ta zo da nata bashin.

Halin dutsen

Shekaru kamar miliyan 13 zuwa 14 da suka wuce, yankin na duwatsun aman wuta ne. Ƙasa ta tsage daga arewa zuwa kudu a gindin tsaunin Davidson, tsagar ta jirkice ta nufi gabas, tana gangarawa ƙasa da karkata ta kusan digiri 45. Ɓangaren yamma, wanda ya zama shimfiɗar tsagar, dutse ne mai tauri da ake kira dayorait. Ɓangaren gabas, wanda ya rufa a kai, dutsen aman wuta ne da ruwan zafi ya riga ya dafa shi har wani wuri ya koma yumɓu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa ruwa ne ƙadangaren. Ruwan da ya yi zafi a can ƙasa yana ɗauke da narkakken zinare da azurfa da farar wuta. Yana bin tsagar yana hawowa, matsin da ke kansa yana raguwa, har ya kai inda zai tafasa. Da zarar ya tafasa ko ya gauraya da ruwan sanyi na sama, sai ya kasa riƙe abin da ya ɗauko, ya zubar da shi tare da farin dutsen nan mai ƙyalli, kwats. Shi ya sa arzikin irin wannan jijiya ba ya bazuwa daidai wa daida. Yana taruwa ne a inda tafasar ta auku, sauran tsagar kuwa kwats ne fanko.

Masu haƙa sun ari kalmomi biyu daga mahaƙan Meziko. Idan aka faɗa cikin dunƙulen arziki, bonanza ke nan. Idan aka yi wata da watanni ana fasa dutsen banza, an shiga borrasca. Dunƙulen arzikin duka-duka ɗan ƙaramin kaso ne na jijiyar, kuma babu wata alama tabbatacciya da ke nuna inda na gaba yake.

Abu na biyu, tsagar ba ta daina motsi ba bayan da ma'adinin ya zauna. Ta yi ta murza kwats ɗin har wani wuri ya zama kamar sukari, ana iya kwasarsa da diga ba sai an sa nakiya ba. Kusa da sama kuma ɓangaren gabas ya dare, jijiyar ta buɗe baki, da manyan ɓaraguzan dutsen banza a tsakiya waɗanda mahaƙa ke kira dawakai. Wannan ya jawo rikicin shari'a na shekaru: shin jijiya ɗaya ce mai rassa, ko jijiyoyi ne da yawa kowa da tasa? Lauyoyi irin su William Stewart sun ci kasuwarsu. Masanin ƙasa Bajamushe Ferdinand von Richthofen, wanda ya binciki wurin a tsakiyar shekarun 1860, ya tsaya a kan cewa tsaga ɗaya ce mai zurfi, kuma haƙan da aka yi daga baya ya gaskata shi.

Abu na uku shi ne siffar da azurfar ta zo da ita. Zinaren yawanci a sake yake, ko a gauraye da azurfa a matsayin ƙarfe. Azurfar kuwa mafi yawanta a ɗaure take da farar wuta, tare da ɗan dalma, tutiya da jan ƙarfe. Wanki da ruwa ba ya fitar da ita. Shi ne baƙin abin da O'Riley da abokinsa ke zubarwa.

Katako

A ƙarshen 1860 mahaƙar Ophir ta kai zurfin mita 55 ko kusa da haka, dunƙulen ma'adinin kuma ya kai faɗin kamar mita 14. Hanyar da aka sani ita ce a kafa ginshiƙai biyu a ɗora azara a kai. To wace azara ce za ta tsallake mita 14 ta riƙe ruɓaɓɓen dutse? An gwada haɗa gungume da gungume da ƙarfe, suna karyewa. Ga dukiya ana gani, ba halin taɓawa.

Sai aka kirawo Philip Deidesheimer, wani matashin injiniya Bajamushe da ya yi karatu a makarantar ma'adinai ta Freiberg. Bayan ’yan makonni yana nazari, ya fito da dabarar da ta tsaya a kan abu ɗaya: a daina neman azara doguwa. A sassaƙa gajerun katakai masu kauri, a yi wa bakin kowanne kunne da gurbi, a haɗa su su zama ɗaki mai kusurwa huɗu wanda tsayinsa ya ɗan ɗara mutum. Idan aka kwashe ma'adini daidai girman ɗaki ɗaya, sai a kafa ɗakin katako a gurbinsa nan take. Daga nan a ci gaba gefe, ko sama, ko ƙasa, ɗaki a jikin ɗaki kamar saƙar zuma. Ko'ina nauyi ya danno, akwai katakon da zai karɓe shi ya miƙa wa na kusa. Inda aka gama aiki sai a cika ɗakunan da dutsen banza.

Deidesheimer bai yi wa dabarar rajistar mallaka ba. Mahaƙu a ƙasashe da dama suka kwaikwaya kyauta, shi kuma ya mutu a San Faransisko a 1916 yana talaka.

Amma dabarar tana da ci. Yumɓun nan na ɓangaren gabas, da iska ta taɓa shi sai ya kumbura, ya matse katako mai kaurin tafin hannu uku har ya koma kamar rabinsa, a sake sa wani. Ga kuma itacen da tukwanen tururi ke ƙonewa dare da rana. Virginia City a busasshen tsauni take, ’yan bishiyoyinta sun ƙare tun farko, sai aka juya kan dazuzzukan tsaunukan Sierra Nevada da kewayen tafkin Tahoe. An gina magudanan katako masu tsawon kilomitoci, a sako ruwa, gungume ya bi ya gangaro kwari. Dajin da ake gani a yawancin kewayen Tahoe yau sabon tsiro ne. Na farkon yana binne a ƙarƙashin Virginia City.

Wanda ya cika rami da busasshen itace, kuma fitilarsa kyandir ce, ya san abin da ya ajiye. Da safiyar 7 ga Afrilu 1869 gobara ta tashi a mahaƙar Yellow Jacket a zurfin kimanin mita 240, daidai lokacin da ma'aikatan safe ke sauka. Hayaƙi ya bi hanyoyin da suka haɗe da mahaƙun Kentuck da Crown Point. Aƙalla mutum 35 suka mutu. Wasu gawarwakin ba a fito da su ba, domin an toshe sassan da wutar take, an bar ta tana ci a ciki.

Kaskon Washoe

A nan ne ya kamata a tsaya, domin shi ne sashen da har yau bai rufu ba.

Fitar da azurfa da zaiba, wadda wasu ke kira makuri, tsohuwar sana'a ce. Bartolomé de Medina ya fara ta a Pachuca ta Meziko a 1554: a niƙa dutse, a shimfiɗa laka a fili, a zuba gishiri da zaiba da wani sinadarin jan ƙarfe, a sa alfadarai su yi ta tattakawa a rana. Tana aiki, amma tana cin makonni, kuma tana son zafin rana. Tsaunin Davidson yana da hunturu mai tsanani, masu hannun jari a San Faransisko kuma ba su da haƙurin makonni. Akwai hanyar Freiberg, ta gasa dutsen da gishiri kafin a juya shi da zaiba a ganga. Tana fitar da kaso mai yawa, amma tsadarta ta sa sai dutse mai daraja ƙwarai ake yi wa.

Almarin Paul ya kafa injin daka mai taɓare 24 a Gold Canyon a 1860, kuma daga gwaje-gwajensa da na wasu aka samu abin da aka sa wa suna hanyar Washoe, wato sunan da ake kiran yankin da shi a lokacin. Ga yadda take. Dutse ya shiga ƙarƙashin taɓaren ƙarfe, biyar-biyar a turmi ɗaya, suna tashi suna faɗuwa, ruwa na kwarara, har ya zama laka mai ratsa rariya. A bar lakar ta kwanta, a kwashe ta da shebur zuwa wani babban kaskon ƙarfe. A cikin kaskon akwai maniƙin ƙarfe da ke juyawa yana ƙara murza ta, tururi kuma yana ɗumama ta. Bayan ta yi laushi sai a zuba zaiba, da gishiri, da shuɗin gishirin jan ƙarfe. Cikin awa huɗu zuwa shida an yi aikin da alfadarai ke yi a wata guda.

Kafin a gane abin da ke aiki, masu injina sun zuba abubuwan ban dariya a kaskon, har da ruwan taba da dafaffen ganyen wani ɗan kurmi na hamadar, kowa yana ɓoye sirrinsa. Ashe kaskon da kansa yana cikin maganin. Gishiri da sinadarin jan ƙarfe suna kwance azurfa daga farar wuta, garin ƙarfen da ke zaizayewa daga kasko da maniƙi kuma yana taimakawa ta koma ƙarfe tsantsa, zaiba ta lashe ta. Daga nan a juye lakar a wani mazubi, a ƙara ruwa, zaiba mai nauyi ta kwanta a ƙasa. A tace ta a jakar zane mai kauri, tsagwaron zaiba ya tsiyaye, a bar wani dunƙule mai laushi. A sa dunƙulen a rufaffiyar tukunya a hura wuta, zaiba ta tashi tururi, a bi da ita ta bututu mai sanyi ta koma ruwa don a sake amfani da ita. Abin da ya rage a tukunya, soso ne na azurfa da zinare, a narka shi a zuba sanduna.

A takarda, zaibar zagaye take yi. A aikace, murzar kaskon tana farfasa ta zuwa ƙananan ƙwayoyi kamar gari, datti ya lulluɓe su, su ƙi haɗuwa, su bi dagwalo su fita. Laba ɗaya ko fiye ke tafiya a kowane tan na dutse. Sai a sayo wata daga mahaƙar New Almaden a Kalifoniya, a rubuta ta cikin kuɗin gudanarwa. Azurfar ma ba duka ake kamawa ba. Kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari ne abin da aka saba samu.

Me ya sa aka yarda da asarar kusan sulusin dukiya? A ganina amsar tana cikin yarjejeniyar niƙa fiye da cikin kimiyya. Al'adar ita ce mai inji ya mayar wa mai mahaƙa kashi 65 na darajar da gwaji ya nuna, ya karɓi ladan niƙa a kan kowane tan, dagwalon kuma ya zama nasa. Ribarsa tana cikin yawan tan da ya wuce ta hannunsa. William Sharon, wakilin Bankin Kalifoniya a Virginia City tun 1864, ya fahimci wannan fiye da kowa. Ya ba masu injina bashi da ruwa mai rahusa a kan na sauran masu ba da rance, kasuwa ta faɗi, suka kasa biya, banki ya karɓe injinan. A 1867 shi da abokansa suka tattara su a kamfani ɗaya, Union Mill and Mining, a 1869 kuma suka fara shimfiɗa layin dogo na Virginia and Truckee don kai dutse injinan da ke bakin kogin Carson. Tunda su ne ke juya akalar manyan mahaƙu da dama, suna iya tura dutse maras daraja zuwa injinansu. Mahaƙar da jama'a ke da hannun jari a ciki ta yi asara, injin da yake nasu su kaɗai ya ci riba.

Babban dunƙule, da zafi, da ruwa

Waɗanda suka karya wannan kaka-gida mutum huɗu ne: John Mackay, wanda ya fara a matsayin lebura a ramin, da James Fair, da James Flood da William O'Brien, waɗanda a da mashaya suke da ita a San Faransisko. Sun sayi ikon Consolidated Virginia, filin da ake ganin fanko ne, suka bi wani siririn zare na ma'adini ta ƙarƙashin maƙwabta. A 1873, a zurfin kimanin mita 360, zaren ya buɗe. Dunƙulen yana cikin wata tsaga ta ɓangaren gabas, ba a kan babbar tsagar da kowa ke bi ba. Consolidated Virginia da maƙwabciyarta California sun fitar da fiye da dala miliyan 100 cikin shekara goma. Aka kwashe shi da gaggawa, kafin 1880 ya ƙare.

Ganin haka kowa ya nufi ƙasa. Amma ruwan da ya kawo azurfar bai huce ba. Kowane mita 18 ko makamancin haka, zafin dutse na ƙaruwa da digiri ɗaya, kuma a ƙananan matakai an fasa maɓuɓɓugan da ruwansu ya kai digiri 77 a ma'aunin Salshiyas. Ma'aikaci na aiki daga shi sai ɗan wando da takalmi da hula. Ƙarfen diga ba ya taɓuwa sai da tsumma. Ya yi ’yan mintoci yana sara, ya koma ɗakin hutu inda bututu ke huro iska, ya tauna ƙanƙara, ya zuba ruwan sanyi a ka, wani ya karɓe shi. A bazarar 1878 an ƙiyasta kowane mutum na cin ƙanƙara laba 95 a rana a wuraren da suka fi zafi. Wanda santsi ya ɗebe shi ya faɗa ramin tara ruwa, da wuya ya rayu. Ladan yini dala 4 ne, ƙungiyoyin mahaƙa na Gold Hill da Virginia City ne suka tsaya kai da fata ba a rage shi ba.

Adolph Sutro, ɗan asalin Aachen a Jamus, ya hango matsalar ruwa tun da wuri. Shawararsa ita ce a huda tsaunin daga kwarin Carson, rami kwance mai tsawon fiye da kilomita 6, ya cim ma jijiyar a zurfin mita 500. Ruwa ya fita da kansa, iska ta shiga, dutse ya gangara zuwa kogi, ma'aikata su sami ƙofar tsira. Majalisar Amurka ta amince a 1866, mahaƙu suka yarda za su biya dala 2 a kan kowane tan. Sai su Sharon suka lura cewa ramin zai kashe musu layin dogo da injina, suka janye, suka toshe masa hanyoyin samun kuɗi. Bayan gobarar Yellow Jacket Sutro ya tara ma'aikata ya nuna musu cewa da akwai raminsa da ’yan'uwansu sun fita, ƙungiyoyinsu suka zuba dala 50,000, aka fara haƙa a ranar 19 ga Oktoba 1869. Sai 8 ga Yuli 1878 ramin ya haɗu da mahaƙar Savage.

Ihu bayan hari. A lokacin manyan ramuka sun riga sun zarce zurfinsa da nisa, babban dunƙulen kuma ya kusa ƙarewa. Ba a ce bai yi amfani ba, domin famfuna sun huta da ɗaga ruwa har sama, sai dai su kai shi bakin ramin Sutro ya tafi. Shi kansa Sutro bai jira ba. Ya sayar da hannun jarinsa tun yana da daraja, ya koma San Faransisko, daga baya ya zama magajin garin.

Wani rami da aka haƙa a tsaye, mai suna Combination, ya kai zurfin kusan mita 990 bai sami wani dunƙule ba. A Oktoban 1886 aka kashe famfunansa, ruwan zafi ya hau ya cika ƙananan matakai.

Abin da ya saura a kogi

A 1887 John MacArthur da ’yan'uwan nan Forrest suka yi rajistar hanyar narkar da zinare da azurfa cikin ruwan sayanaid, wani sinadari mai guba, a Sikotilan. Da ta iso Comstock a farkon ƙarni na ashirin, tsohon dagwalon da aka zubar ya zama abin nema, aka sake niƙa wanda ake iya kwasa. Babbar masana'antar sayanaid da aka buɗe a American Flat a 1922 ba ta wuce shekara huɗu tana aiki ba.

Wanda ruwa ya riga ya tafi da shi kuwa ya tafi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa injina fiye da 200 sun saki zaiba laba miliyan 14, wato sama da tan 6,000, a kwaruruwan Six Mile da Gold da kogin Carson. A 1990 aka sa yankin cikin jerin Superfund na wuraren da suka fi gurɓata a ƙasar. Zaibar tana cikin gaɓar kogi da ƙasan madatsar Lahontan, wadda aka kammala a 1915. Duk babbar ambaliya, irin ta Janairun 1997, tana zaizaye gaɓar ta ƙara tura wata gaba. A cikin laka ƙwayoyin halitta na mayar da ita wani nau'in da ke taruwa a jikin kifi, ƙaramin kifi ya ci, babba ya ci ƙarami. Hukumomin lafiya na Nebada suna gargaɗin kada a ci kifin da aka kama daga garin Dayton zuwa madatsar Lahontan.